Kafin ka sa a ƙera wa jirginka tankin mai

Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, da fatan aiki yana tafiya lafiya. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu jiragen ruwa a nan Legas, da abokan sana'ata masu walda. Duk sa'ad da kuka kawo labarin hatsarin jirgi, abu biyu ake maimaitawa: lodi ya yi yawa, fasinja ba su sa rigar ruwa ba. Ba na musun wannan. Sai dai akwai abu na uku kwance ƙarƙashin ƙafar fasinja wanda ba mai leƙa shi, wato tankin mai.

Ni mai waldar argon ne, mutumin Yawuri, a bakin Kwara na tashi. Rumfata tana yankin Ojo, ba nisa da Alaba Rago, kuma yawancin aikina yanzu na jiragen faiba ne masu jigilar mutane da kaya.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a Legas ta tashi daga wajen naira 185 zuwa 488 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta doshi dubu. Nan lissafin masu jirgi ya sauya. A da matuƙi zai kwashi jarkoki ya saya a bakin ruwa wurin 'yan bumburutu, ba wanda ya damu da lita biyun da ta zube ko ta yi ƙafa. Yanzu mai jirgi so yake ya sayi mansa da yawa a gidan mai, ya zuba a tanki guda mai murfi da kwaɗo, ya san abin da ya shiga da abin da ya fita. Yana da hujja, domin injin Yamaha mai doki 200, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, in aka sakar masa wuta duka yana iya shanye lita 70 zuwa 80 a awa guda. Shi ya sa ake ta zuwa mana: a ƙera min tanki daidai cikin jirgina. To da me za a ƙera shi? A nan ake yin ɓarna, kuma mafi yawanta daga ido take farawa.

Mutanenmu da suka san harkar jirgi a Kainji ko Jebba ko Baga su fara cire wani abu daga ransu: ruwan Legas ba ruwan gida ba ne. Da damina kogin Ogun da 'yan'uwansa kan sirka ruwan tafkin Legas ya yi sauƙi, amma da rani gishirin teku yakan shigo har ciki, kuma wajen Apapa da Tarkwa Bay kusan ruwan teku ne tsantsa. Iskar ma gishiri ne a cikinta. Ƙarfen da zai yi maka shekara goma a Yawuri, a nan yana iya kasa kai uku.

Kafin in taɓa fallen ƙarfe nakan tambayi mai jirgi ko fetur zai zuba ko man gas, domin ba hukuncinsu ɗaya ba. Man gas ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya ɗumama ya haura digiri 50. Fetur kuwa ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da shi. Tururin nan ya fi iska nauyi fiye da ninki uku, ba ya tashi sama, gangarawa yake yi. A mota in tanki ya yi yoyo, man ya zuba a kwalta iska ta kwashe. A jirgi babu inda zai je sai ƙasan ciki, inda batir da wayoyi suke zaune. Da zarar ya kai wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Tankin gas in ya huje asarar kuɗi ce da ƙazanta. Tankin fetur in ya huje maganar rayuka ce, a tsakiyar ruwa inda ba wurin gudu.

Abin da aka fi zuwa min da shi shi ne, "Malam, a yi min na sitenles, wanda ba ya tsatsa." Kyan ɗan maciji ke nan. Abin da ke kare sitenles wata siririyar fata ce da ke kansa, kuma ba ta rayuwa sai tana samun iska. Duk inda ruwan gishiri ya maƙale ba iska, a ƙarƙashin ɗauri, ko a lungun walda, ko inda tankin ya zauna kan katako, fatar takan mutu, sai ƙarfen ya soma huda ƙananan ramuka masu zurfi alhali sauran jikinsa yana ta walƙiya. Ga shi saboda tsada akan sayi falle siriri, jijjigar inji da dukan igiyar ruwa su yi ta lanƙwasa shi har walda ta tsage. Sannan sitenles ɗin kansa iri-iri ne. Akwai 201 na ƙyauren gida da hannun bene, akwai 304 na kayan kicin, akwai 316L mai ɗauke da sinadarin molibdenam kashi 2 zuwa 3, wanda shi ne ya fi jure gishiri. A ido duk ɗaya suke. Masu ɗauko mayen ƙarfe su manna su ce "ka gani, bai kama ba, orijina ne" suna ruɗin kansu, domin duka ukun ba sa kama shi yadda ya kamata. A Amurka akwai ƙungiyar ABYC, wadda tun 1954 take tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jirage, ta daɗe tana taƙaita tankin fetur na sitenles ga ɗan ƙarami mai siffar ganga, wanda bai kai galan 20 ba, wajen lita 75. Mutanen da suka fi mu samun sitenles mai kyau ke nan. Mu kuma a nan sai a ƙera akwati mai lita 300 da fallen ƙyaure a binne shi ƙarƙashin daɓe.

Baƙin ƙarfe ba abin rainawa ba ne in man gas ne. Manyan jiragen da ke jan kwantena a Apapa da shi suke aiki, man da kansa yana shafe cikin tankin, wajen kuma a kankare a yi masa fenti mai kyau. Ni ba na yin sa ƙasa da milimita 4. Amma ban yarda da shi ga fetur ba, domin fetur ba ya shafe komai, kuma raɓar da ke taruwa a ciki kullum dare takan cinye gindinsa, garin tsatsa ya bi tiyo ya toshe kafireto a tsakiyar ruwa kan hanyar Ikorodu. Galbanaiz kuma, wato ƙarfen da aka lulluɓe da zinki, kada a kusanta shi da man gas ko kaɗan, zinkin da ke jikinsa narkewa yake yi cikin man ya zama dauɗa ya kashe nozul.

Masu aikin faiba su ma sukan ce a bari su zuba tanki da faiba a jikin jirgin, ya fi sauƙi. Sauƙi kam akwai. Sai dai ruwan faiba na gama-gari da ake sayarwa a kasuwa ba ya shiri da fetur mai sirkin ispirit. Wajen 2005 da 2006, da aka yawaita sirka fetur da etanol a Amurka, tsofaffin tankunan faiba sun yi ta narkewa daga ciki, danƙon ya bi mai ya lalata injuna. Kada wani ya ce ai wannan can ne. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da gwamnati da kanta ta tabbatar an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, aka janye shi, layin mai ya cika Legas da Abuja. Wanda ba shi da iko a kan man da za a sayar masa gobe, bai kamata ya yi tankin da mai zai iya narkarwa ba.

Roba kuwa, in ta kamfani ce wadda aka yi musamman don mai, ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri, ko da yake tana rage min ciniki. Ba ta tsatsa, gishiri bai dame ta ba, ba ta da walda balle ta tsage. Jan tankin nan mai lita 24 ko 25 da ke zuwa da inji, ga ƙaramin jirgi ya wadatar, biyu ko uku a ɗaure su a sarari inda iska ke kaɗawa. Manyan na roba da ake dasawa a ciki ma suna da kyau, illa dai a kan zubi ake yin su, ba a ƙera maka daidai lungun jirginka, in sun fashe ba sa karɓar faci, kuma sukan ɗan kumbura kashi 2 zuwa 3 bayan sun sha mai, don haka sai an bar musu sarari. Abin da nake ƙi shi ne jarkar man gyaɗa da durom ɗin ruwa. Ka je kowace tashar jirgi ka gani da idonka: jarka rawaya a bayan matuƙi, an zura tiyo ta baki, an cusa leda ko tsumma an toshe, rana ta gasa ta har ta yi fari-fari tana shirin tsagewa, wani fasinja kuma a kujerar baya yana laluben ashana.

In dai tankin fetur ne za a ƙera a dasa cikin jirgi a ruwan Legas, ra'ayina alminiyom ne. Amma ba kowane ba. Na taga da na rufi da mai zanen ƙafar kaza da ake shimfiɗawa a bayan mota ba su ne ba. Wanda ake nufi shi ne mai lamba 5052, ko 5083, ko 5086, waɗanda aka haɗa da maganiziyom, shi ne ke ba su juriyar gishiri. Na fi son 5052 domin yana lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba, kuma duk kusurwar da na lanƙwasa na huta da walda ɗaya, wato na rage ƙofar yoyo ɗaya. Ƙa'idar ABYC ta ce kada kaurinsa ya gaza milimita 2.3. Wannan iyakar ƙasa ce. Ni daga milimita 3 nake farawa, in tankin ya haura lita 200 in tafi 4 ko 5, domin ramin da gishiri ke haƙawa, kauri ne kawai ke jinkirta shi. Nauyi ba abin tsoro ba ne, alminiyom kusan sulusin nauyin baƙin ƙarfe yake.

Wurin saye kuma a buɗe ido. Ko a Owode Onirin ko a wajen Orile, akwai na kirki akwai na banza kamar kowace kasuwa. Falle na gaske yakan zo da lambarsa a buge a jiki, irin su 5052-H32. In babu lamba, ba takarda, sai rantsuwar mai shago, bar masa kayansa. Ka tafi da ma'aunin kauri a aljihu, domin abin da ake kira milimita 3 a baki sau da yawa biyu da rabi ne a ma'auni. Araha ba ta ado. Mai walda kuma ya yi da argon da waya mai lamba 5356, ya goge bakin fallen da burushin da bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba. A cikin tankin a yi shinge, kada tazarar ɗaya da ɗaya ta wuce santimita 75, a yanke kusurwoyinsa don mai da iska su wuce. Lita 200 ta fetur kilo 150 ce, buhun shinkafa uku ke nan suna gudu daga wannan bango zuwa wancan duk lokacin da jirgi ya hau igiyar ruwa. Ba shinge, walda ce za ta sha dukan, matuƙi kuma ya ji jirgi yana fizge masa hannu a kwana.

Duk da haka, yawancin tankunan alminiyom da na ciro a mace ba ƙarfen ne ya ci amana ba, zaman da aka yi musu ne. Wani Alhaji mai ɗaukar siminti da lemo da ruwan leda daga tashar Liverpool ta Apapa zuwa Sagbokoji da Igbologun ya kawo min jirginsa, ya ce warin fetur ya hana yaransa sakat, sun canza tiyo sun canza murfi a banza. Muka cire batir tukuna, muka buɗe ko'ina ya sha iska, sannan muka ɗaga daɓen da hannu, ba injin yanka. Saman tankin tas, kamar jiya aka ƙera. Wanda ya dasa shi ya zuba kumfar nan mai kumbura ya cike kewayensa don kada ya motsa, a ƙasa kuma ya shimfiɗa masa yankakken tif na taya. Da na danna kumfar da yatsa sai ruwa ya tsatso, na ɗanɗana, gishiri. Da muka kifa tankin sai ga layi uku a gindinsa, daidai inda robar ta kwanta, cike da farin gari mai danƙo. Yarona ya kankare garin da cokali, ramuka suka bayyana a jere, ya ɗauki ƙusa ya tura a ɗaya da hannu kawai, ta shige.

Alhaji ya riƙe baki ya ce, "Malam, ashe alminiyom ɗin ma na ƙarya aka sa min?"

Na ce, "Alhaji, ga lambarsa nan ba ta goge ba, 5052 ne. Shimfiɗar da aka yi masa ce ta kashe shi."

Alminiyom ma da fatarsa yake rayuwa, kuma ita ma iska take so. Ruwa ya jiƙa shi ya bushe, ba komai. Ruwa ya kwanta a jikinsa wata da watanni ƙarƙashin kumfa ko jiƙaƙƙen katako ko kafet, shi ke nan. Baƙar robar taya ta fi muni, domin akwai garin gawayi a cikinta, in ya haɗu da alminiyom da ruwan gishiri sai su zama ɗan batir, alminiyom ne kuma ke narkewa. Alhaji ya ce in ɗan yi masa faci ya lallaɓa zuwa bayan Sallah. Na ba shi haƙuri. Ba na kai wuta jikin tankin da ya taɓa shan fetur, ko an wanke shi da sabulu sau nawa, domin tururin yana ɓuya a bayan shinge da cikin ramukan, kuma gindin da ya huje wuri ɗaya ya riga ya ruɓe a wuri ashirin.

Yadda ya kamata a zaunar da shi ba wuya. A samu sandunan roba mai tauri wadda ba ta shan ruwa, kaurin kamar milimita 6, a manne su a gindin tankin da gam na jirgi, a cike tsaf yadda ruwa ba zai ratsa tsakani ba. Su za su ɗaga shi, iska ta riƙa wucewa ta ƙasa, ruwan da ya shigo ya samu hanyar gangarawa. A ɗaure shi da kyau, amma kada ɗaurin ya zama matattarar ruwa. A bar ƙofa a daɓe wadda mutum zai buɗe ya haska tocila ya shinshina. Tankin da aka rufe da faiba ruf, ba a sake ganinsa sai ranar da ya huje.

Sai kayan haɗi, inda ake son a tsimi 'yan kuɗi kaɗan a jawo babbar asara. Kan famfo na tagulla da ake saye wurin masu kayan ruwa, in aka ɗaura shi kai tsaye a jikin alminiyom, zai cinye wurin. A sa na alminiyom, ko a raba su da mahaɗi na sitenles. Ko guntun wayar jan ƙarfe ya faɗa ciki aka bar shi, yana iya huda gindin. Kuma a tankin fetur kowace ƙofa a sama take: ta zubawa, ta shaƙar iska, ta jan mai, wadda bututunta zai sauka ya tsaya kaɗan sama da gindi don kada ya kwaso ruwa da dauɗa. Sau da yawa akan ce in sa famfo a ƙasa "don a riƙa ɗibar na janareto", ko in sa farar tiyo a gefe don a riƙa ganin yawan mai. Ba na yi. Ranar da famfon ya saki ko tiyon ta tsage, tankin duka zai juye cikin jirgi. Sandar katako mai alama ta isa awo. Bututun shaƙar iska ya fita wajen jirgi, tiyon mai ta zama ta mai, irin wadda aka rubuta A1 ko ISO 7840 a jikinta, ba ta ban-ruwan fulawa ba. A haɗa bakin zubawa da tankin da waya zuwa at na jirgi, wato layin da ke sauke wuta ƙasa, saboda tartsatsi. Kada kuma a cika shi maƙil, fetur yana ƙaruwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari duk ƙarin zafin digiri 10, wanda aka zuba da asuba zai nemi hanyar fita da azahar.

Gwaji kuwa kada mai jirgi ya biya cikon kuɗi sai an yi shi a gabansa. Cika tanki da ruwa a ce ba ya ɗiga ba gwaji ba ne, fetur yana bin hudar da ruwa ba ya bi. Iska ake hurawa, awo 3 kacal a gejin taya, a toshe ko'ina, a bi kowace walda da ruwan sabulu ana neman kumfa, a bar shi ya jima a ga ko awon zai sauka. Wanda ba shi da geji mai karanta ƙaramin awo, ya lanƙwasa farar tiyo doguwa ya zuba ruwa a ciki ya haɗa da tankin: in bambancin tsayin ruwan ɓangarorin biyu ya kai mita 2 da ɗan ɗoriya, ya kai awon. Kada a raina awo 3, a bangon da ya kai rabin murabba'in mita nauyin tan guda ne yake turawa. Saboda haka kada a kai wa mai faci ya sa injinsa yadda yake hura taya, tankin zai kumbura ko ya tarwatse a fuskar mutum.

Kirana ga hukuma gajere ne. Hukumomin kula da hanyoyin ruwa guda biyu, LASWA da jihar Legas ta kafa a 2008, da NIWA ta tarayya mai hedikwata a Lokoja, sun sha jayayya kan wa ke da ikon ruwa har Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Janairun 2024. Mu dai na bakin ruwa, duk wanda ya zo duba jirgi, muna roƙon bayan ya ƙirga rigunan ruwa ya ce a ɗaga masa daɓe. Jiragen tokumbo da ke zuwa daga Amurka, za ka tarar da 'yar takarda manne a kan tankinsu, domin dokarsu ta wajabta: sunan maƙeri, wata da shekarar ƙira, yawan abin da yake ci, irin ƙarfen, da awon da aka gwada shi. Ba abin da zai hana ƙungiyoyin masu jirgi a Ojo da Ikorodu da Badagry da Epe su ce daga yau ba a dasa tanki sai da irin wannan shaida, tun kafin hukuma ta ce. A rumfata da guduma da ƙarfen buga lamba nake buga ta a ɗan guntun falle, in ƙara da kaurin ƙarfen da kalmar FETUR ko GAS, in manna kusa da bakin zubawa inda mai ɗaga ƙofar daɓe zai gani. Aikin minti goma ne.

Na gode da wannan fili. Allah ya kiyaye hanya, ta tudu da ta ruwa.

Wassalam.

Naku,
Mai waldar argon,
Ojo, Legas.